Rabin harafin ƙ: abin da ya hana ni barci dare uku a SNOBOL4

Daren jiya, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, shirin da nake rubutawa da SNOBOL4 ya raba kalmar "baƙi" zuwa ba da ƙi, kuma ban ji kunyar tashi tsaye in yi tafi ni kaɗai a ɗaki ba. 'Yan'uwa masu koyon waɗannan tsofaffin harsunan kwamfuta, ga yadda aka yi, domin duk wanda ya ɗora rubutun Hausa a kansu zai ci karo da abin da na ci karo da shi.

Niyyata tun farko ita ce in tayar da kwaikwayon tsohuwar kwamfutar IBM 7094 a SIMH, manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci, in ga yadda masu bincike na wancan zamani suke aiki, sannan in koma kan harsunan sarrafa rubutu. COMIT ne ya fara jan hankalina, wanda Victor Yngve da abokan aikinsa suka ƙirƙira a MIT a ƙarshen shekarun 1950 domin binciken fassara da na'ura. Daga nan na gangaro zuwa SNOBOL, wanda David Farber da Ralph Griswold da Ivan Polonsky suka fara a Bell Labs a 1962, kuma da na samu CSNOBOL4 na Phil Budne, wato SNOBOL4 mai aiki a kwamfutocin yanzu, ya hau kwamfutata ba tare da gardama ba, sai batun kwaikwayon ya koma gefe, har yau yana can. Aikin da na ɗora wa kaina shi ne shirin da zai tsinka rubutu kalma-kalma, ya raba kowace kalma gaɓa-gaɓa, daga baya ya auna karin waƙa.

Tsinka kalmomi bai ɗauke ni awa ɗaya ba. Na zuba dukkan haruffa, har da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, cikin SPAN, umarnin da ke kama duk haruffan da suka jeru daga cikin waɗanda aka ba shi, kalmomi suka fito lafiya lau, kuma wannan nasarar ce ta yaudare ni. Da na zo kan gaɓa sai na gina baƙi da ANY, umarnin da ke kama harafi ɗaya daga jerin da aka ba shi, wasali ma da ANY, na ce gaɓa ita ce baƙi da wasali, ko kuma baƙi da wasali da wani baƙin idan baƙi ne ke biye da shi. "Hannu" ta fito han da nu, "makaranta" ta fito daidai, amma "ƙasa" ta fito da wata alama mai lu'u-lu'u baƙi da ayar tambaya a ciki, sannan a, sannan sa. "Baƙi" ta fi muni, domin alamar ta bayyana sau biyu, ɗaya a wutsiyar gaɓar farko, ɗaya a goshin ta biyu.

Daren farko na ɗora laifin a kan allon umarni, na yi ta sauya nau'in rubutu a banza. Dare na biyu na zargi &ANCHOR, saitin da ke ɗaure bincike a farkon kalma, tunda a ƙa'ida fasalin SNOBOL4, wato tsarin haruffan da ake nema, yana zamewa gaba idan bai dace a farkon kalma ba. Da na mai da shi 1, sai duk kalmar da ta fara da harafi mai ƙugiya ta ƙi rabuwa gaba ɗaya, na kuma ɗauka cewa na lalata abin da yake aiki, alhali shirin yana nuna mini ainihin ciwon ne ban gane ba. A wannan daren aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa, gyaran awa biyu ya tafi ban adana ba. Washegari na sayi sabon batiri da kuɗin da na tanada domin data ta wata guda, abin da har yanzu yake yi mini ciwo.

Abin da ya warware matsalar layi ɗaya ne da ya kamata in rubuta tun ranar farko: na nemi SIZE, wato tsawon kalma, na "ƙasa", sai ya ce 5. A idon SNOBOL4 harafi bayit ɗaya ne, wato lamba ɗaya a ma'ajiyar kwamfuta, a tsarin adana rubutu na UTF-8 kuwa ƙ bayit biyu ce, C6 da 99, haka ƴ ita ce C6 da B4, ɓ ita ce C9 da 93, ɗ kuma C9 da 97. Wato da na zuba haruffan nan huɗu cikin ANY, gutsattsarin bayit shida na ba shi, kowanne yana tsaye a matsayin baƙi mai cin gashin kansa. SPAN ya rufa asiri ne kawai saboda yana haɗiye duk abin da ya jeru. A "ƙasa", ANY ya kama C6, ya nemi wasali ya tarar da 99, sai fasalin ya zame taki ɗaya ya ɗauki 99 da a a matsayin gaɓa. A "baƙi" kuwa shirin ya bi dokata sau da ƙafa: ya ga baƙi biyu a jere, ya rufe gaɓar farko da rabin ƙ, ya buɗe ta biyu da ɗaya rabin. Akwai ma wani abin takaici da na gano daga baya, wato lanƙwasasshiyar alamar hamza da wayoyi ke sakawa a "sa’a" bayit uku ce, E2 da 80 da 99, kuma na ƙarshen nan shi ne wutsiyar ƙ, shi ya sa wasu kalmomi masu hamza suke fitowa kamar sun kusa yin daidai.

Ban ga laifin harshen ba. Injinan da aka haife shi a kansu, IBM 7090 da 7094, kowane gurbin ma'ajiyarsu bit 36 ne mai ɗaukar haruffa shida, kowane harafi bit shida, iyakarsu alamomi 64, ko ƙananan haruffa babu. SNOBOL4 da ya fito a 1967 ya samu bayit mai bit takwas, kuma a nan ya tsaya.

Gyaran farko da ya zo mini shi ne REPLACE, in musanya ƙ da ɗ da ɓ da manyan K da D da B. Bai yi komai ba, kuma bai ce komai ba, domin REPLACE yana buƙatar jerin biyu su yi tsawo ɗaya, nawa kuwa shida ne da uku, kuma a SNOBOL4 faɗuwar layi ba kuskure ba ce, idan ba ka sa :F, mai nuna inda za a je idan layi ya faɗi, ba sai ya wuce layi na gaba kamar ba a yi ba. Wannan shirun ya ci mini wata awa guda. Daga ƙarshe na rubuta ɗan zagaye ga kowane harafi, layi yana musanya yana komawa kansa da :S, wato idan ya yi nasara, har sai ya rasa abin musanyawa, bayan an gama rabo kuma a mayar da kowa kamanninsa.

Ribar da ban zata ba ita ce wannan dabara ta kashe matsalar tagwayen baƙaƙe tun kafin in fara yaƙi da ita. A da "Katsina" tana fitowa kat, si, na, "bakwai" kuma bak da wai. Yanzu ts da sh da ky da kw da gy da gw da fy da ƙy da ƙw kowanne yana samun alama ɗaya tak, muddin an musanya ƙw da ƙy kafin a taɓa ƙ ita kaɗai. Hatta "kyakkyawa" da "tsattsaura" sun rabu daidai. Na kuma haɗe 'y ta rubutun Nijeriya da ƴ ta rubutun Nijar a alama guda, ko da yake wajen mayarwa sai na zaɓi ɗaya, na zaɓi 'y.

Cikin kalmomi 200 da na rubuta da hannuna domin gwaji, 191 sun fito daidai. Sauran tara, shida masu farawa da manyan Ƙ da Ɗ da Ɓ ne, waɗanda &UCASE, jerin manyan haruffa na SNOBOL4, bai san da zamansu ba, uku kuma kalmomin aro ne masu baƙaƙe a cunkushe. Auna karin waƙa kuwa ya tsaya cik, tunda rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna dogon wasali, shirin ba zai bambance gaɓa mai nauyi da marar nauyi a "gari" ba sai na gina masa jerin kalmomi da TABLE, kuma ban yanke shawarar ko zan fara wannan a makon nan ba ko in koma kan 7094 da na yasar.