Tarihin Rayuwata, Kashi na 2: Shafin Farko

Makon jiya mun tsaya a kan cewa mai son rubuta tarihin rayuwarsa da rubuta ranarsa yake farawa. Yau sai littafin kansa.

Ɗan'uwa, kada ka sayi mai tsada. Littafi mai bangon fata yakan sa hannu ya yi nauyi, kana ta jiran ranar da babban abu zai faru, har ya tsufa a ƙarƙashin katifa. Na 'yan makaranta mai falle 80 ya wadatar. Tun a shago ɗaga falle ɗaya ka kalli haske ta cikinsa. In kana ganin inuwar yatsanka sarai, tawada za ta ɓullo ta baya, sai dai ka tsaya ga biro da fensir. Mai son zane da kalar ruwa kuwa ya nemi takarda mai kauri ya riƙa mannawa a ciki, don ta littafin makaranta tana jiƙewa ta yamutse.

A saman kowane shafi sa kwanan wata biyu, na Hijira da na Miladiyya. Wannan ba ado ba ne. Ranar da ka zauna gaban Inna kana tambayarta labarin gida, ba za ta ce maka 1988 ba, cewa za ta yi shekarar da Sarkin Musulmi Abubakar na III ya rasu, ko bayan Sallar Layya da kwana kaza. Wanda ya saba da lissafin biyu shi ke iya ɗora labarinta a mazauninsa.

Minti 10 bayan Isha'i ya isa, rabin shafi. Rubuta abin da idonka ya gani, da maganar da kunnenka ya ji, da abin da ya tsaya maka a rai. "Na je kasuwa" bai ajiye komai ba. Amma in ka rubuta cewa a Kasuwar Kara wani dattijo ya ware bakin buhun albasa da ɗan yatsa, ya zaro ta can ƙasa ya matsa ta kafin ya yi tayi, bayan shekara 20 za ka sake ganin hannun nan. Maganar mutane kuma a bar ta yadda ta fito. In Baba ya ce "shina tahiya" ko "ya zaka", kada ka mayar da ita Kananci. Muryarsa ke nan, ita jikoki za su nema. Wanda hannunsa ya fi sakewa da ajami ya yi da shi.

Wajen manne-manne ne sababbi suka fi yin asara, kuma zafin Sakkwato ne sanadi. Rasidin POS ba tawada ce a jikinsa ba, zafi ne ya fito da rubutun, don haka a bazara yakan goge ko ya yi baƙi. Kwafe abin da ke jikinsa da biro a gefe. Salatif yana yin rawaya ya saki, ya bar tabo. Gam na sanda ya fi, ɗan kaɗan a kusurwa huɗu. Ganyen dogon yaro ko fure kada ya shiga littafi da ɗanye: danne shi tsakanin tsohuwar jarida, ka ɗora abu mai nauyi har kwana 10, in ba haka ba damshinsa zai sa shafi ya yi funfuna. Biro da aka bari a mota da rana tana zubar da tawada.

Ajiya kuma a akwatin ƙarfe, a ɗage daga ƙasa da jikin bango, saboda gara da ƙurar hunturu. In gidan yawa ne, sa kwaɗo. Mai tsoron a karanta masa ba ya rubuta gaskiya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna gaban tsofaffin gida da tambayoyin da ke buɗe bakinsu.