Ƙaramar bindiga ta fi babba wuyar sha'ani

Daren Lahadin da ta wuce, bayan isha'i, ƙanena ya ja ni gefe a ƙofar gidanmu da ke Unguwar Rogo, ya yi ƙasa da murya kamar mai neman rance. "Yaya, kai da ka zauna a can, wace ƙaramar bindiga ce ta fi? Irin wadda za ta shige aljihun kaftani." Sana'arsa lodin tumatir da kabeji daga Farin Gada zuwa kudu, kuma sau biyu ana tare motarsu a hanya, shi ya sa ban yi masa dariya ba. Na ce ya aika a karɓo mana shayi, don sanyin Jos ba ya barin mutum ya yi dogon zance a tsaye.

Shekara 9 na yi a Houston, a jihar Texas ta Amurka. Farkon zuwana aikin dare nake yi a kantin wani gidan mai, ni kaɗai bayan kanta har asuba, kuma tsoron wannan aiki ne ya kai ni shagon bindigogi. A Texas mai takardar zaman dindindin yana iya saye idan an binciki tarihinsa ba a samu komai ba. Lasisin yawo da ita kuwa sai ka zauna aji na awa 4 zuwa 6, sannan ka harba harsashi 50 a gaban malami: 20 daga yadi 3, wasu 20 daga yadi 7, ragowar 10 daga yadi 15.

Da ido da aljihu na yi zaɓi. Na ɗauki wata 'yar mitsitsiya mai cin harsashin .380 guda 6, nauyinta bai kai giram 300 ba, kaɗan ta ɗara babbar waya. Na jefa ta aljihu a gaban madubin shagon, ko alamarta babu, na biya ina murna. Ashe kallon kitse nake wa rogo.

Laifin ba na maƙerinta ba ne. Duk ƙarfin da ya tura harsashi gaba, irinsa ne ke dawowa baya, kuma nauyin bindiga ne ke shanye shi. In babu nauyi, tafin hannunka ne zai sha. Mariƙinta gajere, yatsu biyu kawai ke samun wuri, ƙaramin yana reto a iska. Tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ba ta kai tsawon yatsa biyu ba, don haka ɗan karkacewar da ido ba ya gani a hannu sai ta zama taƙi guda a jikin takarda. Ranar farko a filin koyon harbi na riƙe ta sama da yawa, ƙarfen saman da ke ja da baya ya yanke ni tsakanin babban yatsa da manuni. Tabon yana nan, na haska wa ƙanena da fitilar waya. Kafin in cika harbi 30 hannuna ya koyi zabura tun kunama ba ta saki ba, harsasai suna ta zuwa ƙasa ta hagu. Jarrabawar da ƙyar na haye ta, bindigar kuma ta koma akwatin ƙarfe ta yi wata huɗu ban taɓa ta ba.

Wata dattijuwa ce ta warkar da ni. Takan zo filin duk Asabar, kanta fari fat, ta tara harsasai goma a wurin da murfin kwalba zai rufe. Ta ga ina fama, ta miƙo mini tata, mai dogon baki da nauyi, mai cin .22. Harbin farko na ɗauka ba ta tashi ba. Babu naushi, ƙarar ma ba ta kai rabin waccan ba. Ranar na fara ganin saiti a lokacin da harsashi ke fita, maimakon in runtse ido.

Waɗannan lambobi faɗin harsashi ne a ma'aunin inci. Na .22 kusan milimita 5.6 ne, irinsa da aka fi amfani da shi tun 1887 ake yin sa, kuma shi ne mafi araha, har ma da shi ake gasar harbin mita 25 a wasannin Olamfik. Aibinsa ɗaya: sinadarin da ke kunna albarushinsa a gefen gindin kwanso yake, ba a tsakiya ba, saboda haka jefi-jefi sai ka ja kunama ka ji ƙwas, shiru. A filin atisaye wannan ba komai ba ne. Ranar da ranka ya dogara a kai, babban abu ne. Maƙerin bindigogi John Browning ya fito da .25 a 1905 don 'yan ƙananan bindigogin aljihu, da makunni a tsakiya, kuma shi ne dai ya yi .32 a 1899 da .380 a 1908. Yau .25 ya yi tsada ga wuyar samu, ƙarfinsa kuma bai wuce na .22 da wani abin kirki ba. A ganina .32 ne aka yi wa rashin adalci. Shi bindigar Walther PPK ta shahara da shi tun 1931, yana da sauƙi a hannu, amma kasuwar Amurka ta raja'a kan .380. Ga mai raunin yatsu akwai irin Beretta Bobcat da Tomcat, waɗanda bakinsu ke ɗagowa sama a sa harsashin farko ba sai an ja ƙarfe ba.

Daga ƙarshe guda biyu na riƙe: .22 ta atisaye, wadda nake ba harsashi ɗari biyu a zama ɗaya, da wata .380 da ta fi ta farkon girma, wadda duk yatsuna ke samun mazauni.

Batun aljihu kuma na faɗa masa gaskiya. Ba a jefa bindiga tsirara cikin aljihu, sai da kube mai tauri da ya rufe kunama, kuma wannan aljihun ya zama nata ita kaɗai. Aljihun ƙanena kuwa makullai ne, da carbi, da goro, da canji, da alawar da 'yarsa ke zura hannu ta ɗauka da zarar ya shigo gida. Ga kaftani yana lilo, ga ruku'u da sujada sau biyar a rana.

Sai da shayin ya huce na zo kan abin da ya kamata in fara da shi. Duka biyun na sayar da su kafin in hau jirgi, domin a nan zancen zaɓi ma bai taso ba. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ke aiki, ta sa fistol da libarba a aji ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti: haramtattu ne sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma ba ta ware .22 don ƙanƙantarta ba. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da bindigar iska suna hannun Sufeto Janar, adaka irin ta maharbanmu kuma kwamishinan 'yan sandan jiha. Wanda aka kama da haramtacciya aƙalla shekara 10 ke jiransa. Ko a 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu, Janar Lucky Irabor, babban hafsan tsaro na lokacin, fitowa ya yi ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Na ce masa ya ƙirga shingayen bincike daga Mararrabar Jama'a zuwa Akwanga zuwa Lafiya kawai, ya gaya mini a na nawa zai so a lalube aljihunsa. Wadda za a kawo masa a ɓoye kuma, bai san me ta aikata kafin ta iso hannunsa ba, ba shi kuma da filin da zai harba ko guda goma ya san halinta.

Ya yi shiru yana juya kofi. Can ya ce, "To Yaya, ita tsohuwar nan, da gaske murfin kwalba?" Na ce har da ragowar wuri. Ya girgiza kai, ya miƙe, don ƙarfe huɗu na asuba za su fara lodi.