Wasiƙa daga Manchesta: gwanjo mai rasit

Assalamu alaikum 'yan uwana Sakkwatawa. Ina gajiya, ina zafi? Mu nan sanyi ne ya sako mu gaba.

Tun da aka ji na kama shago a Ingila tambaya ɗaya ake yi mini: wai me nake saidawa? Gwanjo ne. Wayoyi na hannu, kwamfutoci, PlayStation da fayafayan gem. Sai dai sunan da ke saman ƙofar ba nawa ba ne, na wani kamfani ne. Na biya kuɗin shiga, kuma duk wata suna yankar kasonsu daga ciniki, ba daga riba ba. Ko an ci ko an faɗi sai an ba su. Haya, albashin yara da kuɗin wuta duk a wuyana. Wanda ya fi suna a wannan harka nan shi ne CeX, da aka kafa a Landan a 1992, ko da yake ba da su nake ba.

Abin da ya fi ba ni wuya da farko shi ne rashin tayi. Ni da na tashi ina jin "albarka" da "sallama" a Tsohuwar Kasuwa, sai ga ni a inda kwamfuta ke yanke kuɗi. Mutum ya kawo waya, mu gwada kyamara, sifika da batir, mu ba ta matsayi: A, B ko C. Ya zaɓi kuɗi a hannu, ko takardar sayayya a shagon, wadda ta fi tsoka. Shi ke nan.

Amma kafin nan sai ya nuna katin shaida, mu kuma mu buga *#06# mu ciro lambar IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da tata, mu bincika ko an kai rahoton sata. Kwanan baya wani saurayi ya ajiye mini iPhone fes, ko ƙwarzane babu. Na ce ya cire iCloud ɗinsa, wato asusun da ke kulle iPhone da sunan mai ita. Ya tsaya yana sosa ƙeya, wai ta yayarsa ce, bari ya kira ta a waje. Har yau yana kira.

Na sha kashi kuma. Shekarar farko na cika kanta da fayafayan gem ɗin ƙwallo a watan Agusta, ina murna na samu araha. Ashe sabon yana fitowa ƙarshen Satumba. Dare ɗaya kamfani ya karya farashin tsohon, ni kuwa ba ni da ikon ƙara ko sisi.

Dokar kare masu saye ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya maido kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa, ko da na hannu ne. Na zaci wannan zai karya ni. Sai na ga shi ke sa tsohuwa ta shigo ta sai wa jikanta waya hankalinta kwance.

Shi ya sa na matsa wa ƙanena da ke saida waya a Bello Way ya buɗe littafi: sunan wanda ya kawo, lambar IMEI, rasit, da garantin mako biyu. Wannan ba sai ya biya wani kamfani ba. Ya ce maƙwabtansa na yi masa dariya, suna kiransa Bature. Na ce ya bar su, ya dai riƙa cire wayoyin daga gilashin da rana ke duka, don zafin Afrilu kumbura batir yake yi.

A gaida mutanen gida.