Na Haddace Sunayen Sassan Ƙwaƙwalwa, Jarrabawa Ta Tona Min Asiri

A shekarata ta farko a jami'a ina da wani ɗan littafi da nake ji da shi. Na raba shi gida uku: ilimin halayyar ɗan Adam, ilimin zamantakewa, da tsarin ƙwaƙwalwa. Kowane layi suna ne da ma'anarsa a gefe. Hifokamfas: tunawa. Amigdala: tsoro. Sarabelam: daidaita motsi. Durkheim: 1897. Ko tsakar dare ka tashe ni, zan zubo maka su tiryan-tiryan. Karatun aku nake yi, ina ganin na gama da kowa.

Ranar jarrabawa sai ga tambaya: an yi wa wani mutum tiyata, tun daga nan ba ya riƙe sabon abu, amma hannunsa yana ƙwarewa a aikin da ake koya masa kullum. Me wannan ke nunawa? Na juya biro, na juya takarda. A littafina kalma ɗaya ce tak a gaban hifokamfas, kuma ba ta amsa tambayar.

Ashe mutumin na gaske ne, Henry Molaison, ɗan Amurka. A 1953, yana da shekara 27, likita ya cire masa yawancin hifokamfas na ɓangarorin biyu don a rage masa farfaɗiya. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma wanda ya gaisa da shi da safe, da rana baƙo ne a wurinsa. Wata mai binciken ƙwaƙwalwa, Brenda Milner, ta sa shi bin layin zanen tauraro yana kallon hannunsa ta madubi. Kwana uku yana yi, kuskurensa na raguwa, shi kuwa kullum cewa yake bai taɓa ganin aikin ba. Daga nan aka gane tunawa iri-iri ce: ajiyar abin da ya faru da kai daban, ƙwarewar hannu daban, kowace da hanyarta a cikin kai.

Ƙannena, tambayar da ban taɓa yi ba ke nan: ta yaya aka sani? Yawancin abin da ke cikin littattafanku kan sassan ƙwaƙwalwa, daga wahalar wani aka fara gano shi. A 1861 likita Paul Broca ya duba wani majinyaci a Faransa wanda yake fahimtar magana amma bakinsa “tan” kawai yake iya furtawa. Da ya rasu aka tarar da lahani a gaban ƙwaƙwalwarsa ta hagu. A 1874 wani likitan, Carl Wernicke, ya bayyana akasin haka: magana na zuba kamar ruwa, ma'ana babu, lahanin kuma yana can baya, wajen saitin kunne. Wanda ya riƙe waɗannan majinyata biyu ba zai ƙara rikita wuraren ba. Amma ku yi hattara da labarin da ya cika daɗi. Phineas Gage, wanda sandar ƙarfe ta ratsa kansa a 1848, ana yawan cewa ya lalace har abada, alhali daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken doki na fasinja a Chile.

Da na farga sai na zarce. Komai na gani sai na jingina wa ƙwaƙwalwa. Mai fushi, amigdala. Mai mantuwa, hifokamfas. Darasin zamantakewa kuwa na mayar da shi surutu, tunda babu abin da za a yanka a duba. Durkheim, masanin zamantakewa, shi ne ya ƙwace ni, wancan da na sani da shekara kawai. Ya tattara alƙaluman kashe kai a ƙasashen Turai, ya ga adadin ya fi yawa a tsakanin 'yan Furotesta fiye da 'yan Katolika, da marasa aure fiye da ma'aurata. Ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya ce. Abin da ya bambanta, a ganinsa, shi ne ƙarfin igiyar da ta ɗaure mutum da jama'arsa. Masana sun soki alƙalumansa daga baya, amma ƙofar da ya buɗe tana nan.

Haka gwajin Solomon Asch, masanin halayyar ɗan Adam, na farkon shekarun 1950. A nuna layuka, a ce wanne ya yi daidai da wannan. Amsar a fili take, amma sauran mazauna ɗakin an haɗa baki da su su faɗi ƙarya. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda ake gwadawa sun bi ayari aƙalla sau ɗaya. Abin da na tsallake a lokacin: yawancin amsoshin da aka bayar daidai ne, kuma idan mutum ɗaya ya goyi bayan gaskiya, bin ayarin yana faɗuwa warwas.

Kuskuren da har yau nake jin kunyarsa ba a takarda na yi shi ba. Wani abokina ya yi makonni shiru-shiru, ni kuma na karanta babi biyu kan ciwon damuwa. A gaban mutane na lissafa masa alamomi, na sa masa suna. Ashe mahaifinsa ne kwance ba lafiya, bai so a sani ba. Ya daɗe bai ƙara gaya min komai ba. Gano cuta aikin ƙwararre ne da ya yi shekaru yana koyo. Naku a yanzu shi ne ku tambayi mutum lafiya, ku saurara.

Littafin nan na sake tsara shi a zango na biyu. Kowane suna na ba shi layi uku: wa ya gano, a kan wa, me aka gani. Na kuma daina kwanan zaune daren jarrabawa, don tun 1885 wani masani, Ebbinghaus, ya gwada a kan kansa cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi zama. Sai na riƙa rufe shafi ina tambayar kaina, yau, jibi, sai bayan mako. Shafin hifokamfas, mai kalma ɗaya a da, sai da ya ci takarda biyu.