Yadda Marubuci Yake Ambaton Littafinsa da Japananci

Da littafina ya fito, na ƙudura aika kwafi ga malamin da ya duba aikina a Japan, kuma tun da da Japananci zan rubuta wasiƙar rakiya, sai na tsaya ina tunanin sunan da zan kira littafin da shi. A hira ta baki, a ce "watashi no hon", wato littafina, ya wadatar. Amma a rubuce, musamman zuwa ga wanda ya girme ka a ilimi, kalmar da aka saba ita ce setcho (拙著), wadda harafinta na farko yake nufin aikin da hannu bai faɗa a kansa ba, na biyu kuma wallafa.

Abin da na fahimta shi ne babu mai karanta setcho ya ɗauka cewa marubucin yana kushe aikinsa da gaske, domin kalmar tana cikin tsarin ladabin da suke kira kenjogo, inda mai magana yake ƙasƙantar da nasa don ya ɗaukaka wanda yake gabansa. Shi ya sa take da 'yan uwa: sekko ga maƙala, setsuyaku ga fassara, shocho ga "ɗan littafina". Littafin malamin kuwa gokocho ne, wallafa maɗaukakiya. A takardar tarihin aiki, inda ba wanda ake rusuna wa, chosho, wato littafin da mutum ya wallafa, kawai ake rubutawa.

Don in sanar da fitowar littafin na yi amfani da joshi (上梓), kalmar da ta samo asali daga icen da ake sassaƙa allunan ɗab'i da shi a zamanin da. Sannan na cusa siririyar takarda a cikin bango, mai ɗauke da kintei, "an miƙa cikin girmamawa", da chosha, "mawallafi", a ƙasanta.

Wuri guda ne na ga ya kamata a yi hattara. Idan mutum biyu suka haɗu suka rubuta littafi, kiransa setcho tamkar ƙasƙantar da aikin abokin rubutu ne ba da izininsa ba, saboda haka a nan kyocho, wato wallafar haɗin gwiwa, nake rubutawa.