Zuciyar Baba, ciwo biyu a haɗe

Wata uku ke nan muna zarya asibiti da Baba a nan Jos. Da farko mun ɗauka sanyin garin ne ya kama masa ƙirji. Ba ya iya barci sai an jera masa matashi uku, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga.

Likita ta riƙe wuyan hannunsa, ta ce in taɓa in ji. Wallahi gabana ya faɗi: bugun ba shi da tsari, ya yi sauri, ya tsaya, ya sake zabura. Bayan gwajin ECG mai nuna tsarin bugun zuciya, da hoton zuciya, ta ce ciwo biyu ne a haɗe. Ɗakunan sama na zuciyar karkarwa suke yi maimakon bugawa, ita kuma zuciyar ta gaji da hawan jinin shekaru, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne jini na iya daskarewa a ciki, ya haura ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Yanzu yana shan furosemide mai fitar da ruwa, da mai rage gudun bugun, da warfarin mai hana jini daskarewa, wanda sai an riƙa gwada jini a kai a kai. Inna ta rage gishiri da Maggi, Baba yana ƙorafin miya, amma kowace safiya yana hawa sikeli don a ga ko ruwa na sake taruwa a jikinsa. Jiya da ƙafarsa ya je masallaci sallar asuba, alhamdulillahi. Ku sa shi a addu'a.