Manhajar da za ta iya yanka shadda

Shagonmu na Kantin Kwari ya yi shekaru yana ciniki ta WhatsApp da Instagram kafin mu yarda abin ya fi ƙarfin waya. Yara uku ke amsa saƙo, kowa da littafinsa. Ranar da aka sayar wa mata biyu leshi ɗaya, wata a Kaduna wata a Gombe, kuma kowacce ta turo kuɗinta, Baba ya kira ni ya ce, "Kai da ka yi boko, nemo mana abin da zai riƙa ƙirga kayan nan."

Na zaci aikin mako guda ne. Sai da ya ci wata uku.

Shopify, wata manhajar buɗe shago a intanet, na fara gwadawa, kuma ta burge ni. Kafin la'asar na ɗora hotuna, shafi ya fito tsaf, ba ruwanka da hayar sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ko gyara. Da na ɗauki biro ne jikina ya yi sanyi. Kuɗin wata da dala ake biya, ga shi a 2023 muke, bayan an saki farashin naira a watan Yuni dalar gwamnati ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 750, tana ta hawa. Bankuna da dama kuma sun rufe biyan kuɗin waje da katin naira. Sannan tsarin karɓar kuɗi na Shopify ɗin kanta ba ya aiki a Najeriya, sai ka jona kamfanin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack ko Flutterwave, kuma a ƙaramin tsarinta tana cire kashi 2 cikin 100 na kowane ciniki, ban da na Paystack, wato kashi 1.5 da naira 100, wanda ba ya wuce naira 2,000. Wanda ya san ribar turmin atamfa ya san kashi biyu ba wasa ba ne.

Wani mai haɗa shafuka ya yi ta zuga ni a kan Magento, wadda Adobe ta saya a 2018. Gaskiya ba abin da ba ta iyawa, amma tana son sabar mai ƙarfi da ƙwararren da zai zauna mata. A wurinmu sayen tirela ne don kai kaya daga Kwari zuwa Sabon Gari. OpenCart da PrestaShop ban ga aibinsu ba, sai dai duk wanda na tambaya cikin masu gyara a Kano, WordPress, manhajar gina shafukan intanet, ya iya.

Baba ne ya raba gardamar, shi da ko adireshin imel ba shi da shi. Na nuna masa shafin gwaji ina ta yabon kyansa. Ya gyara zaman tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To idan Hajiya ta ce yadi bakwai da rabi take so, yaya zai yi?"

Na yi shiru. Waɗannan manhajoji an gina su ne a kan kayan da ake ƙirgawa ɗai-ɗai, riga ko takalmi. Atamfa ba ta da matsala, turmi yadi shida ne, a ƙirga a wuce. Amma shadda daga bandir ɗaya ake yanka. Idan ka sa "yadi biyar" da "yadi goma" kowanne da adadinsa, manhajar za ta ɗauke su kaya biyu daban, ta sayar da abin da babu. A daren na ɗauko littattafan yaran, na tsamo odoji biyar mafi wuya da muka taɓa yi: mai yadi da rabi, ɗan sarin da farashinsa ke sauka idan ya kai turmi goma, mai haɗa anko na mutum arba'in da za ta biya sau biyu, mai tiransfa, da wadda za a aika wa kaya ta tasha ƙaninta ya karɓa. Kowace manhaja sai na bi da ita ta kan waɗannan biyar. Da ma da haka na fara, da ban ɓata wata guda ina kallon launin shafi ba.

WooCommerce ce ta fi kusa. Kyauta ce, a kan WordPress take zama, kuma kana iya taɓa cikinta yadda kake so. Muka mai da yadi shi ne ma'aunin shadda, kwastoma ta rubuta adadin da take so, a cire daga bandir. Rabin yadi sai da muka sayi ƙarin manhaja, don ita cikakken adadi ta sani. Farashin sari ma haka. A wurin adireshi muka ƙara gurbin sunan tasha da lambar mai karɓa, domin yawancin kayanmu direba ke kai su, ba ƙofar gida ake bugawa ba. Biyan anko sau biyu kuwa na haƙura da shi, har yau a waya ake yi.

Tiransfa ta koya mini darasi. WooCommerce na da tsarin nuna lambar asusunka a jira kuɗi, amma da zarar an danna, tana cire kayan daga lissafi. Sai mutum ya yi oda ya ɓace, leshi ya zauna a "an sayar" kwana uku yana nan a kan kanta. Ga masu turo hoton alat na bogi. Muka koma tiransfar Paystack, mai ba kowane ciniki lambar asusu ta ɗan lokaci, kuɗi na shiga oda ta tabbata da kanta.

Babban kuskuren kuwa nawa ne. Da na ga komai na yiwuwa sai kwaɗayi ya kama ni, duk abin da na gani a wani shafi sai na ce a sa mana. Ƙarin manhajojin suka haura talatin, shafi ya yi nauyi, mai ƙaramar waya da ƙarancin data ta gaji da jira ta koma WhatsApp. Ashe kuma ɗaya daga ciki ta sata ce, mai haɗa mana shafin ya sa don gudun biyan dala, ni ma ban tambaya ba tunda na ga araha. Ana saura kwana goma Sallah, bayan sahur, na danna sabuntawa. Kwandon sayayya ya daina buɗewa. Babu kwafin ajiya. Kwana biyu muka yi a haka, a tsakiyar kakar da ake jira tun farkon shekara, mai haɗa shafin kuma wayarsa a kashe.

Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗauko littafin."

Bayan Sallah na zauna na yi ta cirewa har suka dawo goma sha ɗaya, kowacce da lasisinta. Sunan shafin da hayar sabar na mayar da su da sunan shago, don da can da sunan wancan bawan Allah suke. Yanzu kwafi na tafiya wani wuri kowane dare, sabuntawa sai an gwada a shafin gwaji, kuma daga ganin watan azumi ba a taɓa komai sai gyaran tsaro.

Saura kwastomominmu na Maraɗi da Damagaram. Su da sefa suke lissafi, canji kuma yana motsi kullum, ban samo yadda zan sa musu farashin da ba za mu kwana ciki ba. Suna zaɓar kaya a shafin, su ɗauki hoton kwandon su turo, Baba ya buga musu lissafi da kalkuletarsa mai manyan lambobi.